Katin da Rasim Usta Bai Mayar Ba

Shekara goma sha uku a jere Nezihe tana aika wa malaminta katin barka da salla, shekara goma sha uku yana mayar mata da abinta. Wanda bai san Rasim Usta ba zai ce wulaƙanci ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma a unguwar Uskudar kowa ya san halin tsohon. Duk wanda ya koyi ebru a hannunsa, wato zanen nan da ake yi da launi a kan ruwa sannan a kwashe shi da takarda, idan azumi ya shiga goman ƙarshe sai ya zaɓi mafi kyawun abin da ya fitar a shekarar, ya yanka shi kati, ya sa a ambulan ya aika masa. Bayan kwana biyu katin zai dawo, an juya bayansa an yi rubutu da fensir. "Maɗaciya ta yi yawa." "Kin yi sauri." Wata shekarar kalma ɗaya tak ya rubuta mata: "Ganye." Sai da ta yi mako guda tana kallon ganyen nan kafin ta ga abin da ya gani.

Abin da take nema a wurinsa ijaza ce. A wannan sana'a, muddin malami bai ce ya yarda da hannunka ba, ba ka sa sunanka a ƙasan aikinka, ko da furfura ta cika maka kai. Katunan Nezihe suna fita a shagon littattafai da ke bakin tashar jirgin fito, mutane na rububinsu, amma idan aka tambayi mai shagon aikin wane ne, sai ya ce na wata ɗalibar Rasim Usta ce. Wata ɗaliba! Mace mai shekara hamsin da ɗaya, da jikoki uku. Shi kuwa malamin ya haura tamanin, rabonsa da taɓa tiren ruwan da yake zane a kai shekara biyu ke nan. Idan ya rasu bai furta ba, haka za ta ƙare a wata ɗaliba, kuma wannan tunanin yana ci mata rai fiye da yadda take bari a gani.

Akwai waɗanda suka gaji da jira suka tafi suka fara rangaɗa sunayensu ba da izinin kowa ba. Mijinta Feridun, wanda ya yi shekara talatin yana sayar da tikitin jirgin fito kafin ya yi ritaya ya dawo gida yana ba ta shawarar da ba ta nema ba, ya sha ce mata ta yi haka ita ma.

"Ki sa sunanki mana, uwargida. Wa zai kama ki? 'Yan sanda?"

Ta kan ce masa ya tashi mata daga hasken taga. Shi dai ƙorafinsa na gaskiya ɗaya ne, warin maɗaciyar shanu da take dafawa a kicin. Ba a yin ebru sai da ita, don ita ke sa launi ya buɗe a kan ruwa maimakon ya nutse, amma Feridun ya rantse ta shiga har cikin miyarsa.

To, bana abin ya zo mata daban. Wata safiya da hantsi, ruwan ya kwanta yadda take so, ba iska, ba ƙura, Feridun ya tafi layin burodi. Ta yayyafa ƙasan zanen da launi mai haske, ta ɗiga kore, ta ja shi da basilla ya zama kara da ganye, ta ɗiga ja a samansa. Furen wardi huɗu ta fitar a takarda ɗaya, irin wanda bai gama buɗewa ba. Da ta ja takardar daga tire ta shimfiɗa ta, sai da ta nemi kujera ta zauna. Ta san abin da ta yi, ba ta buƙatar kowa ya gaya mata. Ta yanka takardar gida huɗu, ta kai uku shago, aka saye su tun kafin la'asar. Na huɗun ta sa a ambulan ta aika wa malaminta.

Kwana biyu suka wuce, kati bai dawo ba. Kwana uku. A na huɗu mai shagon kayan miya da ke ƙasan benensu ya leƙo ya ce an yi mata waya, Mualla matar Rasim Usta ta ce malam yana son ganinta gobe da safe.

Nezihe ta goge rigar sanyinta sau biyu, ta ciro ɗankwalin da ta ajiye don ranar salla. Feridun ma ya sa kwat ba wanda ya gayyace shi. Suka haura gangaren nan mai duwatsu zuwa gidan katako na malamin, yana biye da ita yana gaisawa da mutane da wata irin murya, kamar shi za a ba ijazar.

Suka tarar da tsohon a zaune kan benci a gefen taga, bargo a gwiwa, katin a kan bargon. Nezihe ta sunkuya ta sumbaci hannunsa ta kai shi goshinta yadda ta saba. Ya janye hannun tun ba ta gama ba. Mualla tana tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi haɗa ido da kowa.

"Ina kika samo wannan?" ya ce.

Ta ce daga tirenta, ranar Talata da hantsi.

"Wannan takardata ce."

Da farko ba ta gane ba. Sai ya shiga bayani a hankali, da muryar da yake karantar da yara. Ya ce da bazara, lokacin da ya kwanta ciwo, ita ce ta zo ta gyara masa ɗakin aiki, kuma aljihun teburin da yake ajiye tsofaffin zanensa ba a kulle yake ba. Ya nuna koren da yatsa, ya ce shi kaɗai ya san yadda ake haɗa shuni da rawayar ƙasa su ba da wannan. Ya nuna yadda bakin ganyen ya lanƙwasa, da yadda jan ya zauna a cikin koren ba tare da farin zobe a kewaye ba. Ya ce malaminsa yana yin haka, shi ma yana yi, bayan su ba wani mai rai.

"In ijaza kike so, 'yata, da sai ki roƙa. Ba ki ɗauki aikina ki yanka ki aiko mini da shi a ambulan ba."

Nezihe ta ji fuskarta ta ɗau zafi har kunnuwa. A rayuwarta ko allura ba ta taɓa ɗauka a gidan mutane ba. Shekara goma sha huɗu tana niƙa wa mutumin nan launi a kan dutse har kafaɗarta ta riƙe, tana wanke masa buroshi, tana share masa ɗaki, ashe ranar da za ta zo da sabon ɗankwali ita ce ranar da zai kira ta ɓarauniya. Feridun ya yi gyaran murya ya ce shi shaida ne, da idonsa ya ga takardar tana bushewa a kan tebur. Rasim Usta ya ce miji ba ya shaidar matarsa, balle mijin da bai san bambancin ebru da takardar naɗe kifi ba. Sauran katunan uku kuwa da za su iya wanke ta, sun riga sun shige akwatin gidan waya, Allah kaɗai ya san garin da suka nufa.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe tsaye.

"Malam, tirenka yana nan?"

Ya ce yana nan, a bushe.

"To yau zan jiƙa ƙaro a ɗakinka, a gaban idonka. Da launinka zan yi, da buroshinka, da takardarka. Ranar jajibiri ka zauna ka kalla. In ban fitar da shi ba, ka gaya wa duk Uskudar abin da ka gaya mini."

A hanyar gida Feridun ya yi ta murmushi shi kaɗai, abin da ya ƙara ƙona mata rai. Ta tambaye shi me ya samu na dariya.

"Ke ba ki ji abin da ya ce ba? Ya kalli aikinki ya rantse nasa ne."

"Na ji abin da ya ce. Ya ce na yi sata."

Ya ga idonta, ya bar maganar. Gaskiyar magana ita ma ta ji wancan ɗin, yana can ƙasan fushin yana motsi, amma ba ta ba shi wuri ba tukuna.

Ƙaron da ake kaurara ruwan tire da shi ba ya son gaggawa. Sai ya kwana uku a ruwa yana narkewa, ana murza shi da hannu safe da yamma, sannan a tace shi da ƙyalle har ya yi yauƙi kamar ruwan kuɓewa. Kwana ukun nan Nezihe ta yi ta hawa gangaren da bakin azumi, ta gaida Mualla, ta gaida malam gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu, ta shige ɗakin aiki ta bar ƙofa a buɗe don kada a ce ta shigo da wani abu a ɓoye. Launukansa sun bushe a kwalabe sun yi tauri, ta kwashe su ta sake niƙawa. Buroshin gashin doki biyu asu ya ci su, ta ɗaure sabbi a jikin reshen wardi. Maɗaciya kuwa Mualla ta aika mahauci ya kawo, aka dafa a nan gidan, tsohon ya sha warin abinsa.

A rana ta biyu Mualla ta shigo da sunan neman tsintsiya, ta tsaya tana raɗa. Ta ce tun ranar da katin ya zo bai saki shi ba, da shi yake yini, yana juya shi yana kai shi kusa da ido. Ta ce ta gaya masa ya buɗe aljihun teburin ya duba ko akwai abin da ya ɓata, ya ce shi ba ya lissafa 'ya'yansa.

"Ki yi haƙuri da shi, ƙanwata. Shekara hamsin da shida nake fama, ban taɓa jin ya ce miyata ta yi daɗi ba. In ya cinye kwano biyu na san ta yi."

Nezihe ta ce, "Yaya, ni ba kwano biyu nake so ba. Da bakinsa zai faɗa."

Ranar jajibiri gari ya cika da hayaniya, masu sayen alewa da masu kai yara aski, amma a ɗakin Rasim Usta an rufe taga don kada iska ta taɓa ruwa. Aka kawo masa kujera gefen tire. Mualla ta tsaya a bayansa. Feridun aka ce ya zauna a bakin ƙofa kada ya yi tari.

Nezihe ta zuba ruwan ƙaron a tire, ta ja takarda a kansa ta kwashe kumfa, ta yi bisimilla. Ɗigon farko da ta yayyafa ya tsaya cik, ya dunƙule, ya gangara ƙasan tire. Ruwan ya yi kauri. Tsohon ya ɗan yi wani sauti a hanci. Ba ta ko dube shi ba. Kowane mai ebru ya san ruwan wani ba naka ba ne sai ka lallashe shi, kuma shi ya koya mata hakan, in ya manta ita ba ta manta ba. Ta ƙara ruwa kaɗan, ta motsa, ta jira ya kwanta. A gwaji na biyu koren ya buɗe fiye da kima ya koɗe. Ta ƙara masa launi, ta rage ƙarfin maɗaciyar. Na uku jan ne ya ƙi zama. Haka ta yi ta yi, ɗigo ɗaya a wannan kwalba, ɗigo biyu a waccan, har aka kusa kiran azahar. Bakinta ya bushe, bayanta ya ƙage, gumi yana bin wuyanta.

Sai ruwan ya amsa. Tana ganin yadda ɗigon ya faɗi ya buɗe a hankali ya tsaya daidai faɗin da take so, ta san an zo wurin. Daga nan ta manta da tsohon, ta manta da abin da ya ce mata. Ta riƙe buroshi a hannun dama tana buga shi a yatsan hagu, launi mai haske yana sauka ko'ina daidai. Ta ɗauki basilla ta tsoma a kore, ta taɓa fuskar ruwan sau uku a wuri ɗaya, zoben yana faɗaɗa. Ta ja shi ƙasa ya zama kara, ta raba gefe biyu suka zama ganye, ta karkata wuyan hannunta a ƙarshen kowanne, bakin ya lanƙwasa. Sannan ja. Ɗigo, ɗigo, ta tura shi cikin koren, ya zauna lafiya lau ba farin zobe.

Saura wuri mafi haɗari. Idan iska ta maƙale tsakanin takarda da ruwa, farin tabo zai fito a tsakiyar furen, kuma ebru ba a gyara shi, sau ɗaya ake kwasa. Ta riƙe takardar ta kusurwa biyu, ta sauke gefe ɗaya, ta bi da sauran a hankali tana riƙe da numfashi. Ta shafa bayanta da basilla. Ta kama bakin takardar ta ja ta a kan leɓen tire, ruwan ƙaron yana zuba baya, ta juya ta, ta shimfiɗa a kan allo a gaban malaminta.

Rasim Usta ya ce a ba shi ɗayan tabaraunsa. Ya ɗora katin a gefen ɗanyar takardar, ya duba wannan, ya duba waccan. Ba iri ɗaya ba ne, don ruwa ba ya maimaita kansa, na yau ya ɗan fi karkata hagu. Amma koren shi ne, lanƙwasar ita ce, hannun da ya yi wannan shi ya yi wancan, ko Feridun daga bakin ƙofa ya gani. Tsohon ya daɗe a sunkuye. Nezihe tana tsaye, hannuwanta jiƙe, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta san yana neman kuskure, kuma ta san babu.

Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Na zalunce ki, 'yata," ya ce. "Ki yafe mini."

Ya juya bayan katin, ya ci gaba.

"Kowace shekara in katinki ya zo, ina neman abin da zan rubuta a baya. In na samu sai in ji har yanzu da sauran amfanina. Bana na nema kwana uku ban samu ba. Sai zuciyata ta ce mini to ai naka ne. Na gwammace in ce kin sata da in ce kin kamo ni."

Mualla ta goge ido da gefen ɗankwalinta, ta ce shekara hamsin da shida, yau ta ji ya ba mutum haƙuri, kuma ba ita ba ce. Feridun ya fashe da dariya, aka harare shi, ya mayar da ita tari.

Nezihe ta durƙusa ta kama hannun tsohon ta sumbata ta kai goshinta, wannan karon bai janye ba. Ta ce ta yafe, kuma da gaske take, don fushin ya tafi ya bar mata wani abu mai faɗi a ƙirji da ba ta taɓa ji ba. Alfahari ne, ba ta kuma ji kunyarsa ba ko kaɗan.

Aka jira takardar ta sha iska. Rasim Usta ya sa Mualla ta ɗauko alƙalaminsa na kara da tawada, ya ce Feridun ya matso, yau shaidarsa ta karɓu. Ya faɗi sunan malaminsa, da malamin malaminsa, har mutum biyar, ya yi musu addu'a, aka shafa. Ya ce takardar ijazar zai sa a rubuta bayan salla, amma maganar ta ƙare daga yau. Ya tsoma alƙalamin ya miƙa mata, ya nuna ƙasan furen, wajen dama.

"Sa sunanki."

Hannun da ya ja basilla a kan ruwa ko gezau bai yi ba, yanzu ya kama rawa. Ta riƙe shi da ɗayan, ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi, amma duk da haka sunan ya fito a karkace, ƙarshensa ya gangara ƙasa. Tsohon ya sunkuya ya duba ta saman tabarau.

"Furen ya yi," ya ce. "Rubutun ne dai sai a hankali."

Nezihe ta yi dariya, hawaye na zuba, ta matsar da takardar gefe don kada ya ɗiga a kanta. Ta ce ya bar mata shi haka, karkatacce ko miƙaƙƙe, nata ne.